Kangayen Ruhubanawa a Karkarar Yorkshire

Arewacin Yorkshire ita ce gunduma mafi faɗin ƙasa a Ingila, kuma mafi yawanta karkara ce: tuddai marasa itatuwa, kwaruruka masu ƙoramu, katangun dutse da aka jera ba laka ba siminti, da tumaki duk inda ido ya kai. A cikin waɗannan kwaruruka ne kangayen gidajen ruhubanawan Kirista suke, wato mutanen da suka bar aure da harkar duniya suka keɓe don ibada. Mafi yawansu an kafa su a ƙarni na 12, aka zauna a cikinsu wajen shekara 400, sannan aka rufe su kaf tsakanin 1536 da 1540. Na je ganinsu a ƙarshen watan Agusta tare da ɗan yayata da ke karatu a York. Shi ke tuƙi, ni ke riƙe da taswira.

Daga tsakiyar birnin York muka fara, a lambun gidan tarihi, inda wani bango mai dogayen tagogi yake tsaye, mutane na zaune a gindinsa suna cin abincin rana. Ragowar gidan St Mary ke nan, wanda a zamaninsa yana cikin gidajen ruhubanawa mafi arziki a arewacin ƙasar. A nan rigima ta tashi a 1132. Wasu daga cikin mazauna gidan suka ce an saki hanya. Ƙa'idar da wani babban malaminsu, Benedict, ya shimfiɗa wa ruhubanawa tun ƙarni na 6 addu'a ce da aikin hannu da talauci, amma ga shi abinci ya yi maiƙo, tufafi sun yi laushi, hira ta yi yawa. Shugaban gidan bai ji daɗin maganar ba. Da babban bishop na York, Thurstan, ya zo duba lamarin, sai abin ya rikiɗe ya zama hayaniya, ya fita da mutum 13 a bayansa. Bayan Kirsimeti ya ba su wani kwari kusa da garin Ripon, a bakin ƙoramar Skell, ya ce su zauna a nan. A nan suka kafa gidan Fountains, kuma can muka nufa.

Ba a hango Fountains daga nesa. Daga wurin ajiye motoci mutum zai bi wata 'yar hanya cikin fili, ya ga kan hasumiya kaɗai kamar daga ƙasa ta tsiro, sai ya gangara kwarin kafin ginin ya bayyana gaba ɗaya. Gani ya kori ji. Na sha ganin hotunan wurin, amma hoto ba ya nuna tsawon cocin, ba ya nuna yadda ginshiƙai ke jere hagu da dama, kowanne mutum biyu ba za su rungume shi ba, sama kuma babu rufi sai gajimare da tsuntsaye.

Tarihin da ruhubanawan gidan suka rubuta da kansu ya ce mutanen nan 13 sun yi hunturunsu na farko a ƙarƙashin wata babbar itaciya da gindin duwatsu, har yunwa ta sa suka dafa ganyaye suka ci. Suka nemi shiga ɗariƙar Cistercian, wadda aka kafa a Cîteaux ta ƙasar Faransa a 1098 don komawa ga tsananin ƙa'idar Benedict. Mutanen wannan ɗariƙa ba sa rina tufafinsu, ulu fari suke sawa yadda ya fito daga jikin tunkiya, kuma da gangan suke neman jeji nesa da gari. Saura kaɗan gidan ya watse don fatara, sai a 1135 wani babban malamin cocin York mai suna Hugh ya ajiye muƙaminsa ya shigo cikinsu da dukiyarsa da littattafansa. Daga nan ƙofa ta buɗe. Masu ƙasa suka riƙa ba su filaye don a yi musu addu'a, su da iyayensu da suka mutu.

Wurin da ya fi riƙe ni a Fountains wani dogon ɗaki ne a yammacin farfajiya, tsawonsa ya kai mita 90, kuma rufinsa na ɗaurin guga yana nan daram. Ginshiƙai ne jere a tsakiya, kowanne ya buɗe sama kamar reshen itace ya haɗu da na kusa da shi. Ƙarshen ɗakin ya haye kan ƙoramar, ana jin ruwa yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafa.

"Kawu, nan ne fa kowa ke ɗaukar hoto," in ji yaron. "Tsaya can tsakiya."

Na tsaya ya ɗauka, sannan na ce masa ya karanta mini allon da ke bakin ƙofa. Wani ɓangare na ɗakin rumbun ajiya ne, wani ɓangaren kuma wurin cin abincin 'yan'uwa ma'aikata, waɗanda ɗakin kwanansu yake a bene na sama. Su ne mutanen da ban san da su ba sosai kafin wannan tafiya, kuma su ne na dawo da su a raina.

Gidan Cistercian jama'a biyu ne a cikin katanga ɗaya. Akwai ruhubanawa masu karatu, waɗanda ke tashi tun wajen ƙarfe biyu na dare, su taru a coci sau takwas a yini da dare, su yi karatu, su kwafi littattafai. Akwai kuma 'yan'uwa ma'aikata, 'ya'yan talakawan karkara, masu gemu da tufafi masu duhu. Su ma sun ɗauki alkawarin biyayya da rashin aure, amma ƙa'ida ta hana su koyon karatu, 'yan addu'o'i kawai suke haddacewa. Ƙofarsu daban, matakalarsu daban, ko a coci akwai shamaki tsakaninsu da masu karatu. Su ne makiyaya, su ne manoma, maƙera, majema, magina. Sunayen shugabannin gidan duk an san su, ɗaya bayan ɗaya, da shekarun da kowa ya yi. Na waɗannan ɗaruruwan kuwa, kusan duk sun tafi da sunayensu. Abin ya tsaya mini a wuya, musamman hana su karatun. Mutumin da ya ba da rayuwarsa duka ga gida mai ɗakin littattafai, a ce dokar gidan ce ta tsare masa ƙofar ɗakin.

Guminsu ne ya mai da Fountains gidan Cistercian mafi arziki a Ingila. Filayen gidan sun miƙe yamma har tuddan Malham da Kilnsey, har can Borrowdale a yankin tafkuna, kuma har yau akwai wani tudu da ake kira Fountains Fell. Dubban tumaki suke kiwo. 'Yan kasuwa daga Italiya da Flanders suna zuwa sayen ulu, wani lokaci su biya kuɗin ulun shekaru masu zuwa tun ba a yi sausaya ba. Wannan ciniki shi ya gina bangayen nan, shi ne kuma ya kusa kayar da su. A ƙarshen ƙarni na 13 cutar ƙazwar tumaki ta shigo garke, ulun da aka riga aka ci kuɗinsa bai samu ba, manyan gidaje suka nutse cikin bashi. Kuma ba ko'ina ne filayen suka zo hannunsu babu kowa a kai ba. Akwai ƙauyukan da aka tashi mutanensu don a mai da wurin gonar gidan ruhubanawa. Wanda ya zo ya ga ciyawa kore da shiru zai iya mantawa da wannan, amma yana cikin tarihin wurin kamar yadda addu'ar take ciki.

Mun shiga ɗakin ɗumi, inda wani makeken murhu yake, mutum zai iya tsayawa a cikinsa ba tare da ya sunkuya ba. Ban da kicin da ɗakin marasa lafiya, nan kaɗai ake hura wuta, ita ma daga farkon Nuwamba zuwa lokacin Ista. A saman ɗakin suke ajiye takardun filaye, don ɗumin ya hana su ruɓewa. A ƙarshen Agusta ne, rana na sama, amma da na dafa bangon sai da sanyi ya ratsa tafin hannuna. Na yi tunanin mutumin da zai tashi tsakar dare a watan Janairu, ya sauko matakalar dutse zuwa coci, ya tsaya yana rera zabura numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Ko me mutum zai ce game da aƙidarsu, ba wasa ya kai su can ba.

Ruwa kuwa sun san kansa. Sun karkatar da ƙoramar ta bi ta ƙarƙashin gine-ginen da ke buƙatarta, ta juya injin niƙan hatsi da ke tsaye tun ƙarni na 12, ta wuce ta ƙarƙashin makewayi ta kwashe ƙazanta. Ruwan sha daga maɓuɓɓugan gefen kwarin yake zuwa. A bakin ɗakin cin abinci akwai gurbin doguwar kwatarniyar dutse inda suke wanke hannu kafin su shiga.

Hasumiyar da muka fara hangowa ita ce gini na ƙarshe babba. Shugaba Marmaduke Huby, wanda ya riƙe gidan daga 1495 zuwa 1526, shi ya gina ta, tsayinta kusan mita 50. Dokar farko ta ɗariƙar ta hana gina hasumiyar dutse saboda alama ce ta taƙama. Magadan waɗanda suka gudu daga York don abinci ya yi daɗi, su ne suka ɗaga hasumiyar da ta fi kowace tsawo a gidajen ɗariƙar a ƙasar. Shekara 13 bayan mutuwar Huby, a Nuwamba 1539, shugaba na ƙarshe, Marmaduke Bradley, ya miƙa gidan ga wakilan sarki, aka yanka masa fansho fam 100 a shekara.

Shimfiɗaɗɗiyar ciyawar nan da ke sa wurin ya yi kama da lambun sarki, ruhubanawa ba su san ta ba. A zamaninsu filin cike yake da rumbuna, maƙera, ɗakunan baƙi, dawaki da amalanke. John Aislabie, wanda ya taɓa riƙe baitulmalin Birtaniya aka kore shi daga majalisa bayan badaƙalar kamfanin South Sea ta 1720, shi ya koma gida ya shiga tsara lambun ruwa na Studley Royal a ƙasan kwarin. Ɗansa William ya sayi kangon ya haɗa shi da lambun, ya zama abin kallo a ƙarshen yawon shan iska. A 1986 UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya. Mun yi sallar azahar a gefen fili, barewa na kiwo can nesa, sannan muka kama hanya.

Rievaulx, wanda mutanen wurin ke kira Rivo, da ƙafa muka je masa daga garin Helmsley, tafiyar kamar kilomita 5 ta cikin kurmi da gonaki. Na ba duk mai ƙarfin ƙafa shawarar ya yi haka, domin ta nan ne zai gane yadda kwarin kogin Rye yake a ɓoye. Shi ma a 1132 aka kafa shi, amma ba 'yan gudun rigima ba ne suka kafa shi. Bernard, shugaban gidan Cistercian na Clairvaux, shi ya turo mutanensa daga Faransa, mai garin Helmsley, Walter Espec, ya ba su ƙasa. Kwarin ya matse har ba a sami damar fuskantar da cocin gabas yadda aka saba ba, sai aka miƙe shi kusan kudu da arewa. Kogin ma sai da suka matsar da shi don su sami fili.

In Fountains ya fi girma, Rievaulx ya fi kyau. Ɓangaren cocin da aka sake ginawa a shekarun 1220 yana tsaye hawa uku, baka a kan baka, dutsen fari-fari, itatuwan tudu na leƙowa ta kowace taga. Na zauna a kan guntun ginshiƙi na daɗe ban ce komai ba.

Mutumin da sunansa ya cika wurin shi ne Aelred. An haife shi a Hexham a 1110, ya tashi a fadar Sarki Dauda na Ɗaya na Sikotland, yana da muƙami da gaba mai haske, ya bar su ya shigo Rievaulx yana saurayi. Ya shugabanci gidan daga 1147 har mutuwarsa a 1167. A zamaninsa akwai ruhubanawa kimanin 140 da ma'aikata wajen 500 a wannan ɗan kwarin. An san shi da sauƙin hali, ba ya son korar kowa komai rauninsa, kuma ya yi rubutu a kan abota don Allah da har yau ake karantawa. Ciwon gaɓoɓi da tsakuwar ƙoda suka addabe shi a ƙarshen rayuwarsa, aka yi masa ɗan ɗaki kusa da na marasa lafiya, 'yan'uwa na zuwa su zauna kewaye da gadonsa suna hira da shi. A gidan da aka gina a kan shiru da tsanani, wannan labari ya yi mini daɗi.

Daga 640 ɗin nan sai gangara. Bashin ulu ya zo, mayaƙan Sikotland suka washe gidan a 1322, babbar annobar 1348 zuwa 1349 ta kwashe mutane har ma'aikaci ya yi tsada, ɗan talaka ya daina ganin dalilin ba da kansa kyauta. Zuwa 1381 saura ruhubanawa 14 da 'yan'uwa ma'aikata 3 da shugabansu. Suka koma ba da filaye haya, suka rage wasu gine-ginen da suka yi musu yawa. Duk da haka gidan bai mutu ba. Suna jimar fatu, suna narka tama a Laskill, kuma lokacin da aka rufe shi a Disamba 1538 akwai mutum 23 a ciki.

A ɗan gidan tarihin da ke gefen kangon akwai wani curin dalma mai siffar kwalekwale, nauyinsa wajen rabin tan, da hatimin sarki a jikinsa. Duk abin da na gani a tafiyar nan, wannan curi ne ya fi bayyana mini abin da ya faru.

Sarki Henry na Takwas ya ɓata da Fafaroma a kan sakin matarsa ta farko, a 1534 majalisa ta naɗa shi shugaban cocin Ingila. A 1535 wazirinsa Thomas Cromwell ya tura mutane suka ƙidaya kuɗin shigar kowane coci da kowane gidan ruhubanawa, wasu kuma suka bi baya suna tattara laifuffukan mazauna. A 1536 aka rufe ƙananan gidajen da kuɗin shigarsu bai kai fam 200 a shekara ba. Manyan suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta, amma ruwan da suka shafa wa nasu bai hana komai ba. Ɗaya bayan ɗaya aka sa su sa hannu cewa da yardarsu suka miƙa. Gidaje sama da 800 suka tafi a faɗin Ingila da Wales.

Aikin kuwa a tsare aka yi shi, da ma'auni da takarda. Azurfa da zinariya na sarki ne, ƙararrawa ta sarki ce, dalmar rufi ta sarki ce. A kan ɓamɓare dalmar, a hura wuta da katakon rufin da kujerun cocin, a narka ta a zuba a curi, a buga hatimi. Gini kuwa da zarar an cire masa rufi a ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa, an gama da shi, kuma manufar ke nan, kada wani ya dawo ya zauna. An sayar da Rievaulx ga Thomas Manners, mai sarautar Rutland. Duwatsun suka shiga gidajen maƙwabta, kuma in ka duba bangayen ƙauyen za ka ga sassaƙaƙƙun duwatsun da ba don su aka sassaƙa ba. Wasu curukan dalmar gini ya rufta a kansu kafin a kwashe, suka kwanta a ƙasa kusan shekara 400. Da aka tono su a shekarun 1920, aka yi amfani da wasu wajen gyaran babbar tagar nan ta Five Sisters a babban cocin York.

Ni Musulmi ne, a addininmu babu ruhubananci, kuma ban zo nan don in ce hanyarsu ita ce daidai ba. Amma a gaban curin nan ayar Suratul Hajji ta faɗo mini, wadda ta lissafa wuraren ibadar da da an rushe su ba don Allah yana kare wasu mutane da wasu ba, ta kuma fara da ɗakunan ruhubanawa kafin ta kai ga masallatai. Abin da ya fi yi mini ciwo littattafai ne. Ɗakunan karatu da aka tara cikin ƙarni huɗu, kowane shafi da hannu aka rubuta shi a kan fata, suka watse, kaɗan ne suka tsira. Sai kuma matalauta da matafiya da suka saba samun abinci da makwanci a ƙofar gidan.

Byland yana kusa, ba mu daɗe a can ba. Mutanensa sun sha yawo kafin su zauna. Daga Furness suka fito, mayaƙan Sikotland suka kore su daga Calder, suka yi ta sauya mazauni. A 1143 aka ba su wuri a kusa da Rievaulx, sai ya zamana kowane gida yana jin ƙararrawar ɗaya dare da rana, lokutan addu'a suka rikice. Su ne baƙi, su suka tashi. Sai a 1177 suka tare a inda kangon yake yanzu, bayan sun janye ruwan fadamar wurin. Abin da ya rage a fuskar cocin rabin wata babbar taga ce mai zagaye, da siririyar hasumiya guda a gefenta. A ƙasa kuma akwai daɓen tayil na ƙarni na 13, kore da rawaya, an jera su zagaye cikin zagaye, suna nan a inda aka shimfiɗa su. Akwai wani siririn lungu na 'yan'uwa ma'aikata da gurabun zama a jikin bango. Na zauna a ɗaya.

Mount Grace, can arewa kusa da Osmotherley, wani abu ne daban. Na ɗariƙar Carthusian ne, wadda Bruno ya kafa a duwatsun Chartreuse na Faransa a 1084, kuma Thomas de Holand, ɗan ɗan'uwan Sarki Richard na Biyu, ya kafa wannan gida a 1398. A nan ba a kwana tare, ba a cin abinci tare sai ranar Lahadi da ranakun idi. Kowane mutum da gidansa, jere kewaye da wata babbar farfajiya. Abin ya yi kama da halwar da malamanmu na ɗariƙa ke shiga ta kwana arba'in, sai dai tasu halwar ta har mutuwa ce.

An sake gina ɗaya daga cikin gidajen an sa masa kaya irin na lokacin. A ƙasa akwai ɗakin zama mai murhu, ɗakin karatu, da ɗakin kwana da addu'a. A sama ɗakin sana'a ne, wani saƙa, wani kwafin littafi, wani ɗinkin bango. A baya ga ɗan lambu mai doguwar katanga, da rumfa zuwa makewayin da ruwa ke gudana a ƙarƙashinsa, ga kuma ruwan sha da bututun dalma ke kawowa kowane gida. A gefen ƙofa akwai wata kafa da aka lanƙwasa cikin bango, mai kawo abinci ya ajiye ta waje, mai gida ya ɗauka ta ciki, ba wanda zai ga fuskar wani.

Yaron ya zura hannu ta waje, ni ina ciki, na ga yatsunsa kawai.

"Kawu, wallahi ni ko mako ba zan yi ba."

"Su kuwa har layi ake bi," na ce masa. Haka ne kuma. A shekarun ƙarshe kafin rufewa, lokacin da wasu gidajen ke raguwa, akwai masu jiran gurbi ya samu a Mount Grace. Ba sa cin nama ko da ciwo. Zargin lalacewa da aka yi ta jifan ruhubanawa da shi bai kama su ba, kuma 'yan'uwansu na Landan suna cikin waɗanda aka fara kashewa a 1535 don sun ƙi yarda sarki ne shugaban coci. Wannan bai ceci gidan ba. A Disamba 1539 aka rufe shi kamar sauran.

Jervaulx, a bakin kwarin Wensleydale, yana hannun masu gona ne, ba hukuma ba. Babu mai sayar da tikiti, akwati ne a bakin shiga mutum ya jefa kuɗinsa da amana. Ba a aske wurin kamar sauran ba, furannin daji da ciyayi sun hau bango, tumaki na kiwo har gindin katanga. Ruhubanawan nan sun shahara da kiwon dawaki, kuma daga gare su ake danganta asalin cukun Wensleydale, wanda da nonon tumaki suka fara yinsa.

Abin da ya rage a nan bai kai na sauran ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. A kakar 1536 mutanen arewa suka tashi, talakawa da masu sarauta, dubbai, ƙarƙashin wani lauya Robert Aske, kuma cikin buƙatunsu har da a bar gidajen ruhubanawa. Shugaban Jervaulx, Adam Sedbar, ya gudu tudu ya ɓuya don kada a ja shi ciki, masu bore suka yi barazanar ƙona gidan in bai fito ba, ya fito. Sarki ya yi wa 'yan boren alkawarin afuwa har suka watse, da wata tarzomar ta sake tashi a farkon 1537 sai ya sami hujja. Aka rataye Aske a York. Aka kai Sedbar kurkukun Hasumiyar Landan, inda sunansa da ya sassaƙa a bango yake har yau, aka kashe shi a Tyburn, wurin rataya na Landan, a watan Yuni 1537. Tsohon shugaban Fountains, William Thirsk, shi ma a wannan shari'a ya rasa ransa. Da yake laifin cin amanar sarki aka ɗora wa shugaban, sai aka ƙwace Jervaulx kai tsaye, aka kori mutanensa, aka rushe cocin kusan har ƙasa. Yau layin harsashinsa kawai ake bi a cikin ciyawa, da 'yan duwatsun kaburbura.

Wata dattijuwa da ke yawo da karenta ta ji muna neman inda cocin yake, ta ce in muna son ganin abin da ke cikinsa mu haura kwarin zuwa Aysgarth. Muka bi kogin Ure sama. A cocin ƙauyen, kusa da inda ruwa ke gangarowa a kan matakalan dutse, akwai wani dogon shamakin katako da aka ɗauko daga Jervaulx lokacin rushewar. Mutanen wurin suna cewa a kafaɗa aka ɗauko shi tun daga can. Aikin masassaƙan Ripon ne na farkon ƙarni na 16, an cika shi da ganyaye da 'ya'yan itace da ƙananan dabbobi, an shafe shi da shuɗi da ja da kore da ruwan zinariya, kuma an sabunta fentin a ƙarni na 19. Bayan dutse mai ruwan toka da muka yi ta gani a kowane kwari, sai da na matsa kusa na bi sassaƙar da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Yaron ya tsaya ƙirga dabbobin da ke ɓoye cikin ganyen har mai kula da cocin ya zo rufe ƙofa, muka fito muka kama hanyar Leyburn za mu koma York.